Wistariyar da ke Jiran Nusaiba

Al Warsan, Dubai

Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki Malam Sadiƙu, ina gaishe da ƙawata Nusaiba. Allah ya sa ɗaurin kaya bai karya miki baya ba. Allah ya ɗauke ku lafiya, ya sauke ku a Turkiyya lafiya, ya sa ƙasar ta karɓe ku da alheri.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa daga Warsan zuwa Karama, tafiyar da ko ƙishirwa ba a ji a hanya. Na rubuto ne don baki ya gagare mu. Ranar Juma'a ina buɗe baki kika ce, "Mama, don Allah kar ki fara." Ni kuma na fara. Kika ɗauki 'yarki kika shige ɗaki, babanki ya ƙara muryar talabijin kamar ba a gidan yake ba. To takarda ba a katse ta. In kin so ki yi tsaki a kowane layi, ba zan ji ba, amma ki karanta har ƙarshe.

Maganar dai ita ce ta hoton nan, hoton gidan da aka kama muku a Bursa. Kowa ya kalla ya yaba tagogi da baranda. Ni abin da na gani shi ne itacen da ya fito daga gefen ƙofa, ya bi bututun ruwa, ya naɗe ƙarfen barandar sama, ga kwansuna suna reto a jikinsa kamar an shanya wake. Wistariya ce. Na san ta kamar yadda na san tafin hannuna. Ƙwayar da ke cikin kwanson nan guba ce, kuma za ki kai yarinyar da ba ta cika shekara uku ba, wadda ko murfin kwalba ta tsinta sai ta kai baki, ki ajiye ta a ƙarƙashinta. Tun ranar da na ga hoton ina tsaye gaban allo ina koyar da 'ya'yan mutane, sai in manta inda na tsaya.

Kin ce mai gidan ta ƙi a sare, 'yarta ce ta dasa kafin ta yi aure, amma ta yarda a yi mata aski. Maigidanki ya ce ai in bazara ta zo furanninta abin kallo ne. Gaskiyarsa. Na san kyanta fiye da shi, kyan nan ne ya ja ni. Tunda ba za a sare ba, saura abu ɗaya: a sauko da ita daga bango, a tsayar da ita ita kaɗai a kan ƙafa guda kamar bishiya, iya tsayin da hannunki zai kai ko'ina a jikinta. Na koyi yin haka a tsakar gidan nan, kuma duk abin da na koya sai da na yi shirme tukuna. Zan jera miki shirmen, ki tsallake shi.

Shekarar da aka buɗe jirgin ƙasan metro muka bar filat muka dawo Warsan, kina can Malesiya kina karatu. Ba abin da ya kawo ni sai wannan ɗan tsakar gidan da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, da gidajen sayar da tsirrai da ke jere a bakin titi. Lokacin sanyi sukan shigo da kaya daga Turai a kwantena, an riga an reno su a can, sun zo da furanni a jiki. Nan na gan ta a cikin tukunya, furanni ruwan shunayya suna saukowa kamar nonon inabi, ƙamshi har bakin mota. Shekara da shekaru ina karanta sunanta a littattafan da nake koyarwa. A cikin littattafan nan ba wanda ya taɓa yin amai a ƙarƙashin wistariya. Shayi ake sha, a yi soyayya, a rubuta waƙa.

Na tambayi mai sayarwa ko za ta jure zafin Dubai. Ya ce, "Mafi mushkila, madam," wato ba matsala da Larabcinsu. Na tambayi ruwa, ya ce shwaiya shwaiya, kaɗan-kaɗan ke nan. In da na tambaye shi ko tana yin mangwaro, da mafi mushkila zai ce. Na tambayi rana, na tambayi taki. Ban tambayi abin da take yi wa cikin mutum ba. Ni da nake ci wa ɗalibai mutunci in sun yi rubutu ba su bincika ba, na ɗauko abu na shigo da shi gidana don kawai na san shi a takarda. Babanki ya dubi tukunyar ya ce, "Malama, wannan kuma me take haifa?" Na ce, "Kyau take haifa." Ya ce, "To Allah ya sa a ƙoshi."

Saboda haka ki ji ni. Za ki ƙasar da ba ki san ko ciyawarta ba. Duk wani kore da ke cikin gidan nan, ki nemi sunansa, ki nemi abin da yake yi in an ci. Kada ki tambayi mai son ki zauna a gidan, shi komai lafiya zai ce.

Na ajiye ta a jikin bango, na bar ta ta yi yadda take so. Ina ganin hawa shi ne halinta, wa ya aike ni in hana. Walida, ba ki taɓa ganin abu mai sauri irin wannan ba. Ki kwana biyu ba ki duba ba, sai ki tarar ta miƙa wani siririn reshe kamar bulala, yana yawo a iska yana neman abin kamawa. Ta kama bututun na'urar sanyaya ɗaki. Ta kama ragar da muka ɗaura don inuwa. Ta leƙa gidan maƙwabta. Ni kuma ina tsaye a ƙasa ina alfahari, ina kiran matan makarantarmu su zo kallo. Da furannin suka zube, kwansuna suka fito, masu laushi kamar karammiski, tsawon tafin hannu. Ban cire ko ɗaya ba. Cewa nake, a cikin wannan hamadar na sa wistariya ta yi 'ya'ya, bari duniya ta shaida.

A lokacin ne takwararki, Inna mahaifiyata, ta zo aikin ido. Kin san labarin, amma kin san shi yadda babanki ke ba da shi a falo, ana ƙyaƙyata dariya, Inna ta ci waken Turawa. Ni ma da na kira ki a waya haka na ba ki shi, don kina jarrabawa. Yau ki ji shi yadda ya faru.

An cire mata yana, idon ya buɗe. Matar da ta yi shekaru tana lalube, sai ga ta tana ganin komai tar, har zaren labule sai ta tsaya ta kalla. Ta fito tsakar gida ta ɗaga kai ta ce, "Ke Bilki, wake ne kuka bari yana lalacewa a sama?"

Na ce, "Inna, ba na ci ba ne, na ado ne."

Ta ce, "Ado? Allah ya yi abu da kwanso, ya zuba masa ƙwaya a ciki, ki ce ado? Ganyen ma kamar na zogale. Ku 'yan boko yunwa ce ba ta taɓa kama ku ba."

Na yi dariya na wuce. Ban ce mata guba ba ne, don ni kaina ban sani ba. Kuma ki duba, ina laifin Inna? Mu mutanen da muka tashi a gindin ɗorawa ne. A wurinmu bishiyar da ta yi kwanso ta yi abinci. Baturen da ya dasa wistariya ba zai taɓa tunanin ɓare ta ba. Bahaushiya kuwa hannunta ne zai kai kafin tunaninta ya iso.

Na dawo daga makaranta bayan la'asar, na same ta a kan tabarma a tsakar gida, ta kifa, faifai a gefenta cike da ƙwaya, masu faɗi kamar kalwa sai dai sun fi ta girma. Ta sa sandar goge-goge ta kakkaɓo su, ta zauna ta ɓare tas, wai za ta ba ni mamaki da miya. Amai take yi, irin wanda ke ɗaga mutum daga ƙasa. Na ce, "Inna, ci kika yi?" Ta ce, "Ɗanɗanawa na yi, in ji ko sun nuna." Na ce, "Guda nawa?" Ta ɗago ta dube ni, idon nan sabo ya yi ja, ta ce, "Wa ke ƙirga wake, Bilki?"

Ki ji abin da uwarki mai digiri biyu ta yi. Na ruga kicin na ɗauko manja. Haka na ga ana yi tun ina yarinya, in an sha abin da bai kamata ba a ɗura manja. Na tallafo kanta ina ɗura mata, tana ƙwarewa, yana dawowa ta hanci. Na kawo madara. Na tsaya kiran babanki a wurin aikinsa a Deira, layi yana ta ƙara ba ya ɗauka, yana can yana faɗa da masu ɗaukar kaya. Duk wannan lokacin da na ɓata, motata tana ƙofar gida, makullin yana cikin jakata.

A asibiti likita ta tambaye ni me ta ci. Na faɗi sunan, ta je ta duba ta dawo. Ta ce ba shi da wata allurar karya shi, sai ƙarin ruwa da jira. Ta ce da yaro ne ƙarami, kaɗan ma ya isa ya jefa shi cikin hatsari. Ta tambayi wanda ya ba ta mai, na ce ni ce, ta yi min kallon da nake yi wa ɗalibi daƙiƙi, kuma na cancanta. Gudawa ta biyo baya. Ga ciwon suga. Jikin Inna ya bushe, fatar hannunta in ka ja sai ta tsaya a tsaye. Ta daina gane ni. Ta riƙa kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ki, tana cewa in rufe kaji hadari ya taso. Na zauna a kujerar roba ina tunanin yadda zan kira Zariya in ce wa 'yan uwana na kawo uwarmu gyaran ido na kashe ta da fure.

Allah ya tashe ta. Amma tun daga nan ƙodarta ke ba ta wahala, kin sani, sai dai ba ki taɓa haɗa su ba. Inna kuwa mace ce mai jiki, ta haifi tara. Ki ɗaga Nusaiba yau ki ji nauyinta a hannunki, sannan ki sake karanta abin da na rubuta a sama.

In Allah ya kiyaye abin ya faru, ba manja, ba madara, ba sa yatsa a maƙogwaro, ba jiran maigida. Ki ɗauki yarinya, ki ɗauki kwanso ɗaya a leda, ki fita. Tun kafin ki tafi ki nemi sunan itacen da Turkanci ki haddace shi, ki san hanyar asibiti mafi kusa kafin ki san hanyar kasuwa. A can ba kowane likita ne zai tsaya jin Turancinki ba.

Da muka dawo gida babanki ya ce, "Khalas, a fitar da ita bola." Inna ce ta hana. Ta ce, "Me bishiya ta yi? Ita ta zo ta same ni?" Ni ma, in faɗa miki gaskiya, ban so a fitar ba. Haushi nake ji, kuma haushina bai yarda in bar abu ya fi ƙarfina a gidana ba. Don haka ba na zagin matar nan mai gidan Bursa, na san ciwon. Na tsinke duk kwanson da na gani, na ce shi ke nan.

Ashe ba shi ke nan ba. Akwai waɗanda suka ɓuya a saman raga da bayan na'ura, inda ido ba ya kai wa. Da zafi ya tsananta suka bushe. Wata rana ina shanya sai na ji tas, kamar an karya busasshen kara, wani abu ya bugi ƙofar gilas. Haka take yi. Kwanson in ya bushe murɗewa yake ya fashe, ya yi jifa da ƙwayar nesa. Na tsinci ɗaya a cikin takalmin babanki. Na tsinci ɗaya a bakin magudana bayan na yi shara ta fi a ƙirga. Ranar na gane cewa muddin tana sama da hannuna, ita ke mulkin gidan. Kuma ki lura, ku kuna sauka ne a farkon kaka, daidai lokacin da na hoton nan za su fara fashewa.

To ga yadda za ki yi, kuma ga inda na yi tuntuɓe.

Ranar da kuka isa, kada Nusaiba ta taka tsakar gidan. Ki goya ta, ko ta yi ihu, ko maƙwabta sun leƙo suna kallon baƙar mace da ɗa a baya. Malam Sadiƙu ya ari tsani ya hau ya yanke kwanso kaf, har na bayan bututu, a ɗaure a leda a kai bolar titi. Sannan a share, a ɗaga kowace tukunya, a duba tsagar dutse da ƙarƙashin matakala. Akwatuna su jira. Na san shi mutum ne mai haƙuri da ladabi, amma irin mutanen nan ne masu cewa inshallah gobe. Ki gaya masa surukarsa ta ce wannan ba ta gobe ba ce.

Babban askin sai sanyi ya shiga, ganye ya zube, kina ganin ƙashinta. A hoton na ga kaurin gindin ya kai wuyan hannu, ya isa. Ki zaɓi kara guda ɗaya, mafi miƙewa, mafi ƙarfi. Guda ɗaya na ce. Ni biyu na bari, don na ji tausayin na biyun, ya yi kyau, na ce ai ba zai hana komai ba. Suka naɗe juna kamar igiya, suna shaƙe juna, tsakaninsu ya zama maɓoyar ƙwari, ƙarshe sai da na sa zarto na raba su, na bar mata tabon da bai taɓa rufewa ba. Abin da almakashi zai yi a farko, tausayi ya mai da shi aikin zarto. Ki yanke sauran tun daga ƙasa, ki warware ta daga baranda, duk abin da ya wuce kafaɗarki ya tafi. Za ta zama kamar sanda, za ki ji kamar kin kashe ta, mai gidan za ta riƙe baki. Ba ta mutu ba. Wistariya ba ta mutuwa don an yanke ta, ƙara fusata take yi.

Sai turke. Ni gora na kafa mata, irin wadda ake sayarwa a nan don tumatir. Kan bishiyar ya yi nauyi, iskar shamal mai ƙura ta taso da rana tsaka, na dawo na tarar da ita kwance a kan igiyar shanya, gorar ta karye biyu. Ki sa a kawo bututun ƙarfe mai kauri, a kafa shi da zurfi, ta ɓangaren da ya fi nisa da bango, ki ja ta zuwa gare shi a hankali. Kuma kada ki bar ta ta naɗe turken. Naɗewa take so, da zarar kin juya baya za ta fara. In ta naɗe, ƙarfen zai shige cikin namanta, ba mai raba su kuma. Ki tsayar da ita a gefensa, ki ɗaure.

Ɗaurin ma na yi shirme. Waya na sa, don ina son ta miƙe sak kamar soja. Ta yi ƙiba, wayar ta nutse cikin ɓawo, abin da ke sama ya fara yaushi. Ki yage tsohon zane mai laushi, ki ɗaura sako-sako yadda yatsanki zai shiga, ki riƙa kwancewa kina sakewa in ta ƙara jiki.

Duk tohon da ya fito a jikin karan daga ƙasa zuwa ƙirjinki, ki murje shi da yatsa tun yana ɗanye. Duk wanda ya ɓullo daga cikin ƙasa a gindinta, ki tono ki fizge shi daga tushe, in kika yanke a sama kawai zai dawo da 'yan uwansa. A can sama kaɗai za ki bar rassa kaɗan su buɗe kamar laima. In zafi ya zo ta fara jefo bulalan nan, ki datse kowace ki bar mata ganye biyar ko shida. In sanyi ya dawo ki sake bin su ki rage, ki bar idon toho biyu ko uku. Ba aikin shekara ɗaya ba ne, kuma ba ranar da za ki ce kin gama. Kada ki ba ta taki mai yawa. Ni na yi ta ɗura mata don nuna ƙauna, ta saka min da ganye da bulala, aiki ya ninku.

Abin da duk wannan wahalar take nufi shi ne rana ɗaya a shekara: ranar da furanni suka fara yaushi. Ranar ki zagaya ta da almakashi, gaba da baya, ki yanke kowane gungu kafin ya zama kwanso. Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ana zagaya ta, ana ganin cikinta. Wadda ke jikin bango kullum tana da bayan da ba ki gani. Ku sha kallonku, ku ɗauki hoto, ku turo min in kun ga dama, amma kada fure ɗaya ya kwana a jikinta bayan ya mutu. Furen da ya zuba ƙasa ma a share, ban yarda da komai nata ba a bakin yaro.

Tawa ta tsaya daga ƙarshe, ta yi kyau, kin gan ta da kika dawo, kina ce mata laimar Mama. Amma ba ta ƙara yin fure ba ko sau ɗaya. Sanyi take so na gaske, irin mai sa ganye ya zube, Dubai kuwa ba ta da shi. Wani Agusta da muka je gida ta ƙone ƙurmus. Wannan ne ke ƙara tsorata ni. Ni da ta yi min 'ya'ya sau ɗaya tak, da guzurin sanyin da ta zo da shi daga Turai, kin ji abin da ta yi. Taku tana ƙasar da take so. Kowace shekara za ta yi, kuma da yawa.

Saura ɗaya, shi ne ya fi zama min a rai, don ban gan shi ba sai makon jiya.

Kin san duk kayan da suka zo daga Kano sai an sako min tsamiya, mai kwanso, ba wadda aka dunƙule ba. Kin san kuma wa ke cinye ta. Tun Nusaiba tana rarrafe nake ɗora ta a cinya in ce, "Ƙawata, zo mu yi sata." In fasa kwanson a gabanta, ƙas, in ciro in sa mata a baki, ta yamutse fuska, ta miƙo hannu a ƙara. Ke kina faɗan haƙoranta, ni ina ce miki mu da muka sha ba mu mutu ba. Yanzu ta iya da kanta. Ta san a danna da babban yatsa, ta san a tsotsa, ta san a juya ƙwallon a baki. Ranar Talata muna tafe a bakin titin gidanku ta tsinci busasshen kwanson wata bishiyar gefen hanya, ta ɗaga min shi tana murna, ta ce, "Kaka, tamiya!" Kafin in kai hannu ta fasa.

Ni na koya mata. Da hannuna na koya wa yarinyar nan cewa duk abin da ke cikin kwanso daɗi ne, kuma kakarta ce ta ce a ci. Ga shi za ta inda ba ni, da wannan karatun a kanta.

Na kwashe tsamiyar gidan nan kaf na ba maƙwabta. Shekaranjiya da kika kawo ta kika wuce kasuwa, ta tafi kai tsaye wurin kwabar da nake ajiyewa. Na ce babu. Na ɗauko kwanso ɗaya da na rage don wannan, na nuna mata, na ce, "Kaka ta daina. Wannan ƙazanta ne, ciwo." Na jefa a kwandon shara a gabanta. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta nufi kwandon za ta ɗauko, na buge hannun. Ban taɓa dukanta ba sai ranar. Ta yi kuka har ta shiɗe, ta ƙi cinyata, ta je ta maƙale a ƙafar babanki. Shi ya sa da kika dawo kika tarar ta ƙi yi min sallama, kika tambaya na ce barci take ji.

Kwanakin da suka rage kafin ku tashi, haka zan ci gaba. Duk zuwan da za ta yi zan nuna mata kwanso in ce ciwo, in ta kai hannu in buge. Na so a ce abin da za ta tafi da shi daga wurina daɗi ne, don ban san yaushe biza da hutu za su haɗa mu ba, kuma yaro mai shekarunta mantuwa gare shi. Wataƙila abin da zai rage mata kawai shi ne wata mata a Dubai mai buge hannu. Na yarda. Abin da nake roƙonki, kada ki lallashe ta a kaina. Kada ki ce Kaka wasa take yi. In ta ce Kaka muguwa ce, ki ce e, kuma Kaka ta hana taɓa kwanso. Ki faɗa wa mahaifinta shi ma kada ya gyara ni a wurinta.

Allah ya tsare min ku a sama da ƙasa. Allah ya tsare bakin yarinyar nan da hannunta, ya rufe idonta daga abin da zai cuce ta, ya buɗe naki. Allah ya ba maigidanki sa'ar aikin da zai je yi, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah ya raya Nusaiba, ya sa ta girma har ta zo ta tsaya a gabana ta yi min rashin kunya irin taki. Na yafe miki tsakin da kika yi, duniya da lahira.

Ki turo Malam Sadiƙu ya karɓi almakashina da zarton, na wasa su, a sa a kayan da za su bi kargo.

Wassalam.

Mahaifiyarki